Bayan Sallama Daga Shika: Yadda Za a Riƙe Zuciya Bayan Jinyar Ciwon Daji

Ranar da likita ya rufe fayil ya ce an kammala kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, an kuma gama gashi da na'ura, gida kan cika da 'yan barka, a yi sadaka, a kira dangin da ke nesa a shaida musu cewa Allah ya kawo sauƙi. Bayan mako biyu ko uku sai ƙafa ta ɗauke, masu dubiya su koma harkokinsu, wadda ta yi wata da watanni tana kwana da majinyaci ita ma ta koma ɗakinta. A daidai wannan lokacin, da kowa ya ɗauka an haye, mutane da yawa da suka tashi daga ciwon daji suke fara jin wani nauyi a ƙirji wanda ba su ji irinsa ba ko a kan gadon asibiti. Na ga haka da idona a jinyar yayata, wadda aka yi wa aikin mama. Mun yi kusan shekara muna zarya tsakanin Tudun Wada da asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ban ga hawayenta ba, sai bayan an sallame ta, wani dare na same ta zaune a kan dadduma tana kuka, da na tambaye ta abin da ke mata ciwo ta ce babu.

Dalilin hakan ba ɓoyayye ba ne. Lokacin jinya kowace rana da aikinta: yau gwajin jini, gobe ƙarin ruwa, jibi neman kuɗin allura, ga likita da nas suna duba mutum a kai a kai. Da an sallame shi sai wannan tsari ya rushe, ya rage daga shi sai tunaninsa. Wani likita ɗan Amurka mai suna Fitzhugh Mullan, wanda shi kansa ya yi fama da ciwon, ya rubuta a 1985 cewa rayuwar mai wannan ciwo zango uku ce: zangon ganowa da magani, zangon da ke biye da magani wanda sa ido da fargaba suka cika shi, sannan zangon da mutum ya daɗe da tashi. Wannan rubutu na zango na biyu ne, wanda a ganina mu a nan muka fi barin mutum shi kaɗai a cikinsa.

A fara da gyara ma'anar haƙuri

Mu Hausawa idan aka ce mana "ya jiki?" amsa ɗaya muke da ita: da sauƙi. Ko mutum yana gargara haka zai ce, kuma kalma ce mai kyau, domin godiya ce ga Allah. Matsalar tana zuwa ne idan ta zama ita kaɗai ce kalmar da aka yarje wa mutum ya furta, har ya ɗauka cewa faɗin "ina jin tsoro" raunin imani ne. Annabi Yakubu, alaihis salam, wanda ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma 'ya'yansa suna gani. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma ambaci ciwon kansa a gaban Nana A'isha a jinyarsa ta ƙarshe. Malamai sun bambanta tsakanin mai ba da labarin abin da ke damunsa da mai yi wa ƙaddara fushi, na farkon bai fita daga sahun masu haƙuri ba.

Saboda haka matakin farko shi ne mutum ya zaɓi mutum ɗaya, ɗaya tak ya isa, wanda idan ya tambaye shi jiki zai ba shi amsa ta gaskiya. Ba dole ne ya zama miji ko mata ko uwa ba, domin sau da yawa su ne mutum ya fi tausayi, ba ya son ƙara musu damuwa bayan ɗawainiyar da suka sha. Yana iya zama aminiya, ko ƙanen uba, ko malamar islamiyya, ko fasto ga 'yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari. Sharaɗin kawai ya zama mai riƙon sirri ne, mai iya saurare har a kai aya ba tare da ya katse da wa'azi ko labarin wani magani ba. A gaya masa a fili cewa an zaɓe shi don wannan aiki, kuma ba shawara ake nema kullum ba, wani lokacin kunne kawai ake so.

Akwai kuma wata magana da masu dubiya suke yawan yi, cewa a cire damuwa domin ita ce ke tayar da ciwon. Bincike bai tabbatar da cewa baƙin ciki ko tsoro suna dawo da ciwon daji ba, don haka kada wanda ya kwana yana kuka ya tashi da safe yana zargin kansa cewa ya jawo wa kansa komawar cuta. Ana kula da zuciya ne don rayuwar ta yi daɗi, don kuma mai nutsuwa ya fi iya riƙe magani da ranakun asibiti.

Tsoron kada ya dawo

Wannan shi ne babban abin da ke hana barci, kuma kusan duk wanda ya tashi daga ciwon ya san shi. Ciwon baya na ɗaukar bokiti, tarin hunturu, kaluluwar da ta fito saboda ƙurji, kowanne sai ya zama abin zargi, mutum ya yi ta shafa wurin sau goma a wuni. Tsoro irin wannan ba ya jin lallashi, abin da ke rage masa kaifi shi ne sani da tsari.

A zuwa asibiti na gaba a tafi da littafi da biro, a tambayi likita abubuwa huɗu, a kuma rubuta amsarsa: mene ne ainihin sunan irin ciwon da aka yi magani da matakin da aka same shi, waɗanne alamu ne idan an gani za a dawo ba tare da jiran ranar da aka bayar ba, waɗanne ciwace-ciwace ne ragowar magani ne kawai, sannan wa za a nema, ta wace hanya, idan wani abu ya taso. Kada kunya ko ganin layi ya hana tambaya, kuma idan likitan ba ya jin Hausa a nemi nas ta fassara. Littafin nan ya zauna a leda ɗaya da kati da sakamakon gwaje-gwaje da hotuna, domin ba lallai ne likitan da aka gani yau shi za a gani nan da wata uku ba.

Ragowar magani na da yawa, kuma saninsu kaɗai yana kwantar da hankali. Kasala tana iya ɗaukar watanni. Wasu magungunan kemo suna barin dindiris ko jin kamar tsira allura a yatsun hannu da tafin ƙafa. Mantuwa da rashin tattara hankali suna faruwa, al'adar mace tana iya ɗaukewa da wuri, mai shan ƙwayar Tamoxifen, wadda ake ba wasu masu sankarar mama su sha kullum har shekara 5 ko ma 10, tana iya jin zafi na taso mata da zufa ko da sanyi ake yi. Duk waɗannan a faɗa wa likita, amma kada a dakatar da ƙwaya don an ji sauƙi ko don an gaji da ita. Abubuwan da ba a zama da su kuwa sun haɗa da sabon kulluto, zubar jini ba dalili, rama ba tare da an rage ci ba, da ciwon ƙashi ko tari da ya ƙi tafiya. Ga ƙananan ciwo na yau da kullum, a rubuta ranar da ya fara, idan ya wuce mako biyu ko yana ƙaruwa a je asibiti, idan ya tafi kafin nan a soke shi da biro. Bayan 'yan watanni mutum zai buɗe littafinsa ya ga layuka da yawa a soke, wannan shaida daga jikinsa ta fi duk wani lallashi.

Kwanakin da ke gabanin ranar komawa asibiti su ne mafi nauyi, musamman a shekarun farko da ake komawa bayan 'yan watanni. A san da haka tun wuri, a cika ranakun da aikin hannu, a shirya kuɗin mota da ɗan rakiya tun jajibiri, kada a tafi karɓar sakamako ba tare da kowa ba. Idan fargaba ta taso da dare har ƙirji yana bugawa, a tashi zaune, a ja numfashi ta hanci a hankali, a fitar da shi a hankali fiye da yadda aka ja, a maimaita na 'yan mintoci, mai tasbaha ya haɗa da tasbihinsa. A kuma ajiye waya, domin neman bayanin ciwo a intanet da tsakar dare ba ya kai mutum sai ga labari mafi muni.

Yadda ake gina fata

Muna yawan ce wa majinyaci ya sa rai, kamar sa rai riga ce da za a ɗauko a rataye. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kansas ta Amurka, Charles Snyder, ya bayyana a 1991 cewa fata yana tsayuwa ne a kan abu uku: abin da mutum yake son cim ma, hanyar da yake gani za ta kai shi, da jin cewa yana da kuzarin bin hanyar. Da na fahimci wannan sai na tuna aya ta 87 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yakubu ya hana 'ya'yansa yanke ƙauna daga rahamar Allah. Kafin ya ce musu haka, sai da ya ce su tashi su tafi neman labarin Yusuf da ɗan'uwansa. Ya haɗa musu fata da aika, kuma a ganina duk fatan da ba a ba shi aika ba yakan daskare ya koma jira.

To, a aikace, mutum ya zaɓi buri ƙarami, na kusa, wanda yake hannunsa. "In warke gaba ɗaya" addu'a ce da za a ci gaba da yi, amma ba aikin da za a tashi a yi gobe da safe ba ne. "In koma islamiyya kafin azumi", "in buɗe shagona na Sabon Gari rabin wuni daga wata mai zuwa", "in je gonata ta hanyar Giwa in ga shuka da idona", waɗannan su ne burin da ake iya yankawa gunduwa-gunduwa. Yayata ta zaɓi komawa kan keken ɗinkinta. Makon farko zare kawai ta iya sakawa, hannun ya gaji, ta rufe. Mako na biyu ta yi wa jikarta kalmasa. Da hannun ya ƙi ɗaukar dogon aiki sai ta canja hanya, ta ɗauki yarinya tana taka keken ita tana yanka, burin yana nan, hanyar ce ta sauya. Wannan shi ne abin da ya kamata a koya: tun kafin a fara a tanadi hanya ta biyu, domin jikin da ya sha kemo yana da ranakun da zai ƙi, kuma ranar da ya ƙi ba ranar faɗuwa ba ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Wasu masana biyu, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, sun nuna a 1996 cewa daga cikin waɗanda suka shiga babbar jarrabawa akwai masu fitowa da ƙarin kusanci da mutanensu, da ƙarin ganin darajar rayuwa, da zurfin ibada. Gaskiya ne, na kuwa gani. Sai dai kada a mayar da shi farilla a kan kowa, har wanda bai ji wani sauyi ba ya ɗauka ya yi asarar darasi, domin wanda ya tashi ya ci gaba da rayuwarsa kamar da shi ma ya yi ƙoƙari babba.

Jiki, madubi da ɗakin aure

Tafiya da ƙafa tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage kasalar bayan magani, suna kuma sauƙaƙa damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, amma wanda ya tashi daga jinya ya fara da minti biyar ko goma, bayan asuba ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, musamman a zafin bazara. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida. Maganar azumi kuwa a kai ta ga likita tukuna, shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame.

Wadda aka cire wa kaluluwar hammata ta lura da hannun wannan ɓangaren, domin yana iya kumbura ko bayan shekaru. Kada a yarda a yi masa sakiya ko tsaga ko ƙaho, rauni a irin wannan hannu yana saurin ɗaukar ƙwayoyin cuta. A kai shi asibiti, masu gashin ƙashi suna da motsi da ɗauri da suke koyarwa.

Abin da ya fi wuyar faɗa shi ne na madubi. Gashin kai yakan dawo cikin 'yan watanni, amma maman da aka cire ba ya dawowa, kuma mace tana iya daina zuwa biki, ta daina cire mayafi ko a gaban 'yan'uwanta mata, ta riƙa auna kanta da kishiya ko da wadda take tsoron za a auro. Namijin da aka yi wa maganin ciwon mafitsara irin na maza (prostate) yana iya samun raunin gaba ko ɗigar fitsari, ya ɓoye, ya koma faɗa a gida ba a san dalili ba. Waɗannan matsaloli ne na asibiti, akwai abin da ake yi a kansu, kuma likitoci sun saba jin su. Ma'aurata su shiga wurin likita tare ko sau ɗaya ne, don maigida ya ji da kunnensa cewa ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwanciya, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta wanki. Ina roƙon maza musamman su gane cewa matar da ta rasa wani sashe na jikinta tana karanta fuskar mijinta fiye da yadda take sauraron bakinsa, kuma ƙaurace wa ɗakinta da sunan tausayi ita a wurinta ƙyama ce.

Bashi ma yana cin zuciya. Gidaje da yawa sun sayar da fili ko dabbobi kafin a kai ƙarshen magani, mai jinyar kuma yana ɗauke da nauyin cewa shi ya talauta gida. A zauna a rubuta bashin duka, a san na wa za a fara biya, a daina barin sa yana yawo a kai ba adadi. Wanda har yanzu yake da sauran magani a gaba ya tambayi ofishin walwalar majinyata game da asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 don masu ƙaramin ƙarfi da ke fama da ciwon mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, wanda asibitin koyarwa na Shika yake cikin asibitocin da aka fara da su.

Lokacin da abin ya wuce na gida

Tun 1977 wata likita, Jimmie Holland, ta buɗe sashen kula da zuciyar masu ciwon daji a wani babban asibiti na birnin New York, daga nan fannin ya bazu. Masu wannan fanni suna da ma'auni mai sauƙi: mutum ya ba damuwarsa ta makon da ya wuce maki daga 0 zuwa 10, idan ta kai 4 ko fiye, ta isa a gaya wa ma'aikacin lafiya. Haka kuma idan mutum ya yi mako biyu cur ba ya jin daɗin komai, barci da ci sun rikice, yana ganin kansa kaya ne a wuyan iyali, to wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, a roƙi likitan daji ya tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce, kuma bai hana addu'a ba. Idan kuwa har tunanin kashe kai ya fara zuwa, ko mutum ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, kada iyali su bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi asibiti a ranar.

Masu dubiya su ma da nasu aikin. Su daina ba da labarin wance da ta yi irin wannan ciwo ta rasu, su daina zuwa da ƙullin magani da maganar sammu ko jifa, su kuma rage cewa "in kina buƙatar wani abu ki faɗa", domin mai kunya ba za ta faɗa ba. Gara a zo da tuwon dare ran Talata, ko a ɗauki yara zuwa makaranta, ko a ce ranar komawa asibiti ni zan kai ki. Ziyarar wata na huɗu bayan sallama ta fi ta makon farko daraja.

Idan ƙarfi ya dawo, akwai abu ɗaya da na ga ya taimaki yayata fiye da yadda muka zata. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya ya nuna cewa a 2022 an sami sababbin masu ciwon fiye da 120,000 a Nijeriya, sankarar mama ce a kan gaba, kuma asibitin Shika yana karɓar mutane daga jihohi masu nisa, wasu ba su san kowa a Zariya ba. Duk ranar da yayata ta koma a duba ta, takan tarar da wata a kan benci riƙe da takardar gwaji, fuskarta irin wadda ita ma ta taɓa zuwa da ita. Wanda zai yi irin wannan zama ya tabbatar zuciyarsa ta ɗauka, ranar da ba ta ɗauka ba ya wuce abinsa ba laifi. Kada ya yi wa kowa alkawarin warkewa, kada ya kwatanta maganinsa da na wani domin ciwon iri-iri ne, kada kuma ya nuna tabonsa sai an nema. Yayata takan zauna kusa da matar ta gaishe ta, ta gaya mata shekarar da aka yi mata nata aikin, ta tambaye ta ko ta karya, sannan ta tashi ta raka ta inda ake karɓar kati.